Hawainiyar ɗana ta daina ci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 11 ya tsinto hawainiya a lambun kawunsa da ke Ajiwa, ya ajiye ta a kwali cikin ɗaki, yau kwana 12. Da ya kawo ta koriya ce shar, yanzu ta yi baƙi, idanunta a rufe ko da rana, ta ƙi tuwo, ta ƙi ruwan da yake zuba mata a murfin kwalba. Yaron har kuka yake. Maƙwabta kuma sun ce a jefar, wai tana da dafi. Ina mafita?
Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Hawainiya ba ta da dafi. A dai riƙa wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta, domin dangin ƙadangare kan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne rufe idon nan da rana. Lafiyayyar hawainiya idonta ba ya hutawa, wannan na kallon gabas, wancan na kallon yamma. Zargina na farko ƙishirwa ne. Ba ta saba shan ruwan da ke kwance a mazubi ba, raɓa take lasa a jikin ganye. Ki nemi kwalbar feshi irin ta masu aski, wadda ba a taɓa zuba magani a ciki ba, a sa mata rassan gwaiba masu ganye, a fesa musu ruwa mai ɗan ɗumi safe da yamma har ya riƙa ɗiga. Ki duba kashinta: ɓangaren da ya kamata ya zama fari, in ya koma ruwan goro, jikinta ya bushe. Da hunturun Katsina kuwa abin ya fi tsanani.

Kwalin ma ya cutar da ita. Da hasken rana jikinta ke samun abin da ke ƙarfafa ƙashi, in babu shi ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi. A fitar da ita hantsi, amma da inuwar da za ta koma, kada zafi ya kashe ta.

Tuwo ba cimarta ba ne. Fara da gyare masu rai take kamawa da harshe, kuma ban da na gonar da aka yi wa feshi. Kada a ɗura mata ruwa a baki, kada a ba ta maganin mutane. A rage ɗaukarta, firgici ma na sa ta baƙi.

In kwana 2 suka wuce ba ta buɗe ido ba, a kai ta asibitin dabbobi. In ta farfaɗo, shawarata ki rarrashi yaron, shi da kansa ya mayar da ita lambun kawunsa, ya ɗora ta a kan bishiyar da ya same ta.