Tambaya da Amsa: Haɗa Toggl Track da Google Sheets

Tambaya: Ina da ma'aikata shida, muna ƙirga awannin aiki da Toggl Track. Duk ƙarshen wata sai na kwafe su da hannu zuwa Google Sheets kafin biyan albashi. Akwai hanyar da za su riƙa shiga da kansu? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Akwai, Hajiya. Buɗe asusu a Zapier, dandalin da ke sa manhajoji su riƙa miƙa wa juna bayanai da kansu, ki haɗa manhajojin biyu. Abin da zai tayar da aikin shi ne sabon lokacin da aka rubuta a Toggl, sakamakonsa kuma sabon layi a Sheets. Ki tanadi ginshiƙai tun farko: suna, aiki, farawa, tsayawa, tsawon lokaci, da lambar shaidar kowane rubutu.

Inda ake tuntuɓe shi ne lissafi. Toggl da daƙiƙa yake aiko da tsawon lokaci, sai ki raba da 3600 ki sami awa. In kin ga lamba mai alamar ragi, agogon bai tsaya ba aka kwaso ta. Sa Zapier ya riƙa tace irin waɗannan, kada su shiga Sheets. Lokacin kuma yakan zo da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, Najeriya tana gaba da awa ɗaya, don haka aikin ƙarfe 12:30 na dare zai faɗa ranar jiya.

Gyaran da ma'aikaci ya yi daga baya ba ya bin layin da ya riga ya shiga. Amfanin lambar shaidar ke nan: da ita za ki gwada da rahoton Toggl kafin ki biya kowa.