Gonar Grimm a Minnesota: yaya aka yi ciyawa ta koyi jure sanyi?

Tambaya: Salam. Ina karatu a Minnesota, an kai mu wani tsohon gidan gona da ake ce ma Grimm Farm, wai mai gidan ne ya samar da ciyawar alfalfa mai jure sanyi. Ni dai na ga gidan bulo ne kawai da fili. Da gaske manomi ɗaya zai iya wannan ba tare da ilimin boko ba? Kuma in na kawo irin gida zai yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Eh da gaske ne, amma ba yadda masu yawon buɗe ido ke ba da labarin ba kamar mutumin ya ƙirƙiro sabuwar shuka. Sanyi ne ya yi zaɓen, shi kuma ya yi naci.

Wendelin Grimm Bajamushe ne daga wani ƙaramin gari Kulsheim a yankin Baden, ya yi hijira zuwa Amurka a 1857 da matarsa Julianna da yara, suka sauka a gundumar Carver, yamma da Minneapolis. Cikin kayansa akwai irin alfalfa da bai wuce kilo 7 zuwa 9 ba. A 1858 ya shuka. Toh ita alfalfa asalinta ƙasashen Farisa ne da tsakiyar Asiya, ciyawa ce dangin wake, tana da furotin sosai shi ya sa shanun madara ke sonta, kuma ba duk shekara ake shukata ba, in ta kama ƙasa sai dai a yi ta yanka tana tohowa. Matsalar ita ce Minnesota, ka ma fi ni sani tunda kana can, sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili, ƙasa ta daskare kamar dutse. Mafi yawan abin da ya shuka mutuwa yake yi.

Abin da ya yi shi ne duk bayan hunturu sai ya bar 'yan tsirarun da suka rayu su yi fure su yi iri, ya tara ya sake shukawa, shekara da shekaru yana haka, wata shekarar ma kusan komai ya tafi. A nan ne ilimin yake ko da shi bai san sunansa ba. Alfalfa ba ta haɗa kanta da kanta sosai, ƙudan zuma ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, don haka a buhu ɗaya na iri kowace ƙwaya da halinta daban, in sanyi ya kashe masu rauni waɗanda suka rage su kaɗai za su haɗu da juna, 'ya'yansu su gaji juriyar, haka dai har gonar gaba ɗaya ta koma ta masu juriya. Kuma ya yi sa'a irin da ya zo da shi daman gauraye ne, akwai jinin wata alfalfa mai fure ruwan ɗorawa wadda ta saba da ƙasashen sanyi, shi ya sa furen Grimm ba launi ɗaya ba ne, za ka ga shuɗi, shunayya, wani ma ya yi kore-kore ko rawaya. Da irin ƙasar zafi zalla ya ɗauko da ko shekara 50 zai yi ba lallai ya samu komai ba, zaɓe ba ya fito da abin da babu shi tun farko.

Ita juriyar kanta ba wani sihiri ba ne. Da rana ta fara gajarta a kaka shukar sai ta daina girma ta sama, ta tura sukari da sitaci cikin saiwa ta kwanta barci, gindin da take tohowa daga shi kuma a nutse yake cikin ƙasa, saiwar ma mai rassa ce ba guda ɗaya miƙaƙƙiya ba, don haka ko ƙasa ta daskare ta narke ta ɗaga ba ta cika tsinkewa ba.

Abin tausayi bai ga sunansa ya fita ba, ya rasu a 1890. Wani malamin makaranta a yankin, Arthur Lyman, shi ya lura cewa alfalfar manoman Carver tana tsallake hunturu ta wasu na mutuwa, ya kai maganar wurin Farfesa Willet Hays na tashar binciken noma ta Jami'ar Minnesota wajen 1900, aka gwada aka tabbatar, aka sa mata sunan Grimm. Daga nan ta bazu arewacin Amurka har Kanada. A ganina Lyman ya cancanci yabo fiye da wanda ake masa, don ba don shi ba da irin ya tsaya tsakanin maƙwabta kawai. Ba Grimm kaɗai ba ne a fagen kuma, Niels Hansen na South Dakota ya yi ta zuwa Rasha da Saiberiya tun 1897 yana kwaso iri masu jure sanyi. Daga baya wata cutar bakteriya mai sa shuka yaushi ta addabi Grimm, sai aka fitar da sababbin irin alfalfa, Ranger a shekarun 1940 da Vernal a 1953, suka karɓe gonakin.

Gidan bulon da ka gani an gina shi a 1876 da bulon garin Chaska da ke kusa, yana cikin Carver Park Reserve, an sa shi a rajistar wuraren tarihi na ƙasa a 1974.

Batun kawo irin gida kuwa kar ka wahalar da kanka ɗan'uwa. Wannan barcin da ke cetonta a Minnesota asara ne a wurinmu, lokacin sanyin da za ka so ta yi ta ba da yanka da ban ruwa shi ne lokacin da za ta ja baya. In alfalfa kake so ka nemi irin ƙasashen zafi marasa barci, kamar barsim ɗin Hijazi da ake nomawa a Sudan, kuma ka tabbatar kana da ruwa don tana sha ba kaɗan ba. In babu ban ruwa harawar wake da ta gyaɗa sun fi maka sauƙi.