Dalilin da ya sa muke ɗauko tushen manhaja daga Debian

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa na hana ka sauko da manhajar nazarin ƙwayoyin halittar nan daga shafin GitHub na mai ita, na ce ka ɗauko tushenta, wato ainihin rubutun da ake haɗa ta da shi, daga rumbun Debian, tsarin Linux ɗin nan da ke da nasa rumbun manhajoji. A ganinka ta hannun mai ita ce ta asali, kuma ita ce sabuwa. Haka ne, amma masu binciken da muke haɗa wa kwamfuta a Yaba da Akoka cikin Legas, abin da suke biyanmu dominsa shi ne lissafin da ya fito yau ya sake fitowa baɗi.

Yawancin manhajojin bincike, malami ne ko ɗalibin digiri na uku ya rubuta don aikinsa, a kan kwamfutarsa, da kompailar zamaninsa, wato manhajar da ke haɗa rubutun ya zama abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Ya wallafa takardarsa, ya kama wani aiki. Kayan da manhajar ta dogara da su kuwa suna ta canzawa. A farkon 2020 aka daina kula da Python 2. A shekarar ce kompaila GCC 10 ya fito, tsofaffin manhajojin C da Fortran da yawa suka ƙi haɗuwa, domin ya daina kau da kai daga kurakuran da a da yake bari su wuce. GCC 14 ya zo a 2024 ya ƙara tsanantawa.

To wa ke gyara? Mutanen Debian, musamman rukunin Debian Med da Debian Science. Abin da yake burge ni da aikinsu shi ne ba sa cakuɗa gyaransu da rubutun mai manhaja. Nasa yana nan a ƙunshinsa yadda ya fitar, nasu kuma a gefe. Ka buga apt source da sunan manhajar, ka shiga debian/patches. Za ka ga fayil mai suna series ya jera faci, wato ƙananan fayilolin gyara, bi da bi. Buɗe ɗaya. A samansa yawanci akwai 'yan layuka: wanda ya yi shi, dalilinsa, lambar rahoton matsalar, da ko an tura wa mai manhajar. A ƙasa kuma layin da aka cire yana da alamar ragi, wanda aka ƙara yana da alamar tarawa. Wani facin layi biyu ne kacal, amma da kai ne ka ci karo da matsalar, sai ka kwana kanta kana ƙona man janareta. Wani kuma cire tsohon laburaren da mai manhajar ya cusa a ciki yake yi, ya haɗa ta da na tsarin, wanda ake toshe wa ɓaraka a kai a kai. Kamar motar tokumbo ce guda biyu: ɗaya yanzu ta fito daga tashar Apapa ba wanda ya buɗe bonet ɗinta, ɗayar kuwa bakanike ya bi ta, ya rubuta duk abin da ya taɓa.

Za ka ce me zai hana mu yi apt install, mu ɗauko wadda Debian ta riga ta haɗa, mu huta. Sau da yawa ma hakan muke yi. Amma wani mai binciken yana so a ɗaga wata iyaka a cikin manhajar, ko a haɗa ta daidai da furosesar injinsa. A nan ne za ka kunna layukan deb-src, masu ba apt damar sauko da tushe, ka jawo kayan haɗi da apt build-dep, ka ƙara naka gyaran a matsayin faci na ƙarshe, sannan dpkg-buildpackage ya haɗa. Idan ƙunshin yana da gwaji, kada ka tsallake shi don sauri.

Kada kuma ka yarda da faci ido rufe don kawai daga Debian ya fito. A 2006 wani gyara da aka yi wa OpenSSL, manhajar sirranta bayanai, a can ya raunana makullan sirri, ba a gano ba sai 2008. Saboda haka karanta kowanne. Wanda ya shafi yadda ake haɗawa kawai, ka wuce. Wanda ya taɓa lissafi, tsaya: gudanar da bayanan gwajin da mai manhajar ya bayar, ka gwada sakamakon da nasa, ka kuma gaya wa mai binciken, don shi ne zai sa sunansa a takarda.

Wani lokaci ta Debian takan tsufa. Idan dole sai sabuwa, ɗauko ta daga mai ita, ka ɗora faci ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi zama, ka duba, wataƙila an riga an shigar da shi.

Gobe in Allah ya kai mu, idan ka gama haɗawa, rubuta cikakkiyar lambar ƙunshin har da wadda ke bayan alamar "-", ita ce ke nuna zagayen gyaran Debian. Da ita za a iya nemo shi a snapshot.debian.org, mai ajiyar ƙunshe-ƙunshe tun daga 2005. Ka kwafe fayil ɗin dsc, mai bayanin ƙunshin, da ƙunshin tushen biyu, na mai manhajar da na gyaran Debian, a hard disk ɗin ajiya na shago, ka ba mai binciken nasa kwafin, kada mu sake sayen data a kan abu ɗaya.