Makro ɗin da ya ɓace bayan an rufe takarda

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ya yi tambaya daga Marwa, ka ce ka naɗi makro (jerin matakan da Word ke haddacewa ya maimaita maka) jiya a Word, yau ka buɗe ka tarar wayam. To naɗinka lafiya lau yake, wurin ajiya ka kuskure.

Bari in ɗauko daga tushe. Word ɗinmu na Faransanci ne, saboda haka ka shiga Affichage, Macros, Enregistrer une macro. Suna a haɗe, ba tazara, kuma ya fara da harafi. A ƙasa zai tambaye ka inda za a ajiye. Zaɓi Normal.dotm, fayil ɗin da Word ke ɗora sababbin takardu a kansa, shi ne zai bi ka kowace takarda. In ka zaɓi takardar da ke gabanka kaɗai, sannan ka adana ta a docx, an gama, docx ba ya riƙe makro. Sai docm, nau'in takardar Word mai riƙe makro.

Misali memuwar (kundin kammala karatu) ɗin ɗalibai da ke cika sakatariya. Kana fara naɗi ka danna Ctrl+A ka zaɓi duka rubutun, ka sa Times New Roman 12, tazarar layi 1,5, Ctrl+J don daidaita gefe biyu, sai Ctrl+H ka mayar da tazara biyu ta koma ɗaya. Ka danna ɗan murabba'in nan na ƙasan allo ya tsaya. Kiransa kuma Alt+F8, Exécuter. Au, na manta, lokacin naɗi linzami ba ya zaɓen rubutu, da madannai za ka yi, Shift da kibiyoyi. Kuma duk kuskuren da ka yi zai haddace, ya riƙa maimaita maka.

Abin da ke ba ni haushi masu gyara ne. A kai musu kwamfuta don tana nauyi, ba tambaya sai fomatin. Normal.dotm yana cikin AppData, Roaming, Microsoft, Templates, can a ɓoye. Su kwashe maka hotuna da waƙoƙi, shi su bar shi, aikin shekara ya tafi. Ka kwafe shi a kile (filashin USB) tun yau.

In kuma wani ne ya turo maka docm ta intanet ka ga jan layi a sama, an toshe makro ke nan, ka rufe takardar ka danna dama a kan fayil ɗin, Propriétés, Débloquer, amma sai wanda ka yarda da shi, don ta nan ƙwayar cuta ke shiga. A waya kam kar ka wahalar da kanka, Word na waya ba ya gudanar da makro.