Amsa ga ɗana na Kano: yadda Hausawan Yamai ke kallon zancen halatta wiwi

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma na ji daɗi da ka tuna kana da baffa a Yamai sa'ad da muhawara ta kaure tsakaninku a makaranta. Ka ce abokan karatunka sun rabu biyu a kan ko ya dace gwamnati ta halatta tabar wiwi, kuma wani a cikinsu ya kafa hujja da mu, wai tun da ana sayar da giya a fili a Yamai babu Hisba mai fasa kwalabe, to wiwi ma ba komai ba ce a wurinmu. Abokin naka ya ji ƙishin-ƙishin, amma bai zauna da mu ba.

Wiwi haramtacciya ce a dokar Nijar. Doka mai lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 ita ce ginshiƙin yaƙi da miyagun ƙwayoyi a nan, kuma muna da ofishin 'yan sanda na musamman, OCRTIS, wanda aikinsa ya yi kama da na NDLEA ɗinku. A watan Maris na 2021 ofishin nan ya kama tan 17 na daskararren ƙaron wiwi, wanda Larabawa ke kira hashish, a ma'ajiyar kaya cikin garin nan. Kayan sun taso daga Labanan, suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, aka hau da su mota da nufin kai su Libiya. Mu a kan hanya muke zaune, hanyar da kakanninmu suka bi da goro da kanwa ita ce yau wasu ke bi da wannan kaya. Shi ya sa idan aka ambaci halattawa, Bahaushen Yamai bai fara tunanin manomi da kadadarsa ba, mai manyan motoci da ma'ajiya yake fara tunawa, domin shi ne zai wayi gari da takardar izini a hannu.

Zancen giya kuwa gaskiya ne, kuma a kansa nake so ka tsaya da ni. Kakanmu da ya baro Katsina ya sauka a unguwar Zango ya tarar da ƙasar Zabarmawa ƙarƙashin mulkin Faransa, kuma tun daga lokacin har yau muna zaune da abin da hukuma ta yarda da shi, addini ya hana. Ku a Kano kuna muhawara ne a kan yadda abin zai kasance, mu kuma mun riga mun gani. Abin da muka gani shi ne, izinin hukuma ba ya mayar da haram halal a zuciyar dattijo, amma yana karya wa maganar uba ƙafa ɗaya. Ka kira yaro ka ce masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce. Zai sunkuyar da kai ya ce gaskiya ne, Baba. Amma da ya fita ƙofar gida zai ga shago a buɗe da fitilu, babu mai korar kowa, sai zuciyarsa ta raya masa cewa abin da gwamnati ke karɓar haraji a kansa bai kai munin da tsofaffi ke faɗa ba. Nauyin da doka ta sauke, kan iyaye ya dawo, kuma ba kowane gida ke da wuyan ɗaukarsa ba, balle gidan da uba ya tafi ci-rani Kwatano ko Abijan ya bar uwa da 'ya'ya bakwai.

Da yake mun san ba mu da Hisba, sai muka riƙe namu tsarin. Mu 'yan kasuwa ne, kuma a Katako ko Wadata ko Babbar Kasuwa jarin mutum sunansa ne, domin kaya na miliyoyin sefa kan bar hannu zuwa hannu ba tare da takarda ba. Ranar da aka ce ɗan wane yana busa ganye, bashi ya tsaya masa, kuma idan ya je neman aure masu bincike za su dawo da labarin. Saboda haka ba a barin magana ta fita da wuri. Uwa ce kan fara ganewa, daga jan ido, da yawan kwana, da cin abinci kamar wanda ya dawo daga gona. Ba ta zuwa wurin uban kai tsaye, don gudun duka da kora. Kawun yaron take aika wa. Idan kawu ya gaza sai liman, idan liman ya gaza sai mai unguwa, kuma komsariya, wato ofishin 'yan sanda, ita ce ƙofa ta ƙarshe.

Na taɓa zama kawun da aka aika wa. Bayan sallar Asuba wata ƙanwata ta tsaya a zaurena, mayafinta a baki, ta kasa magana sai da na ce ta zauna. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini wani ɗan ƙulli a takardar siminti, wanda ta tsinta a aljihun wandon ɗanta da za ta yi wanki. Da dare na bi shi fadarsu. Fada, idan ba ka sani ba, ita ce majalisar samarinmu: tabarma ko benci a ƙofar gida, da gawayi, da butar shayi da ake dafawa sau uku, na fari mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi. Ban yi masa faɗa a gabansu ba. Shugaban fadar na ja gefe, ya ce mini sun sani, kuma sun riga sun fara hukuncinsu: idan ya zo da warin abin a jikinsa, kofin shayi kan tsallake shi ya wuce ga na kusa. Wanda bai san fada ba zai raina wannan, amma saurayin da kofi ya tsallake a gaban tsaransa ya fi jin zafinsa da bulala. Da damina ta faɗi muka tura shi gonar dangi a yankin Tawa, ya yi wata huɗu da hauya. Ba kowace fada ke haka ba, akwai waɗanda su ne ma matattarar abin, kuma ba zan ɓoye maka wannan ba.

Akwai inda nake tare da abokan naka masu neman sauyi. Wani yaron layinmu, mai koyon walda, an kama shi da ƙulli ɗaya kafin maganarsa ta kai ga dattawa. Ya shiga gidan kaso yana shan wiwi kawai, ya fito ya san tiramol, ya san masu sayen kayan sata, kuma maigidansa ya riga ya ɗauki wani a gurbinsa. Ɗaurin bai raba shi da komai ba sai sana'arsa. Yaro irin wannan likita yake bukata da mai riƙe hannunsa, musamman da yake likitoci sun tabbatar cewa sinadarin THC da ke cikin ganyen yana ƙara haɗarin taɓin hankali ga wanda ya fara sha da ƙuruciya. Kurkuku na mai tan 17 ne.

Ƙasashen da kuke ambata kuma, ku riƙa bambance abin da kowace ta yi. Yurugwai a 2013 da Kanada a 2018 sun halatta wa manya sha da saye. Jamus tun Afrilun 2024 ta yarda baligi ya riƙe giram 25 ya kuma shuka tushe uku a gidansa. Maroko kuwa, wadda manomanta na tsaunukan Rif suka daɗe da nomanta, dokarta ta 2021 ta tsaya ga magani da masana'antu, ba ta halatta busawa ba. Tailan ta saki abin a 2022, shaguna suka cika gari, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. Idan magani ne da likita zai rubuta, a auna shi, a ba mai farfaɗiya ko mai ciwon daji, ban ji wani dattijo a cikinmu da zai tsaya a gabansa ba, domin lalura hukuncinta daban.

Amma duk waɗannan tsare-tsare sun dogara ne ga hukumar da za ta iya tambayar shekarun mai saye, ta auna ƙarfin kayan, ta rufe shagon da ya saɓa. Tiramol ma magani ne da doka ta ce sai da takardar likita, ga shi mun gan shi a faifan 'yan talla tare da maganin ciwon kai, 'yan kabu-kabu da leburori suna jefa shi a kofi. Ku ma sai da gwamnatinku ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan ya yi ɓarna a gidajen aure. Idan ka koma wurin abokin naka, ka tambaye shi wanda zai tsaya a bakin shagon wiwi a Sabon Gari ko a unguwar Bukoki ta nan Yamai ya duba katin yaro ɗan shekara 15. Ka gaida mahaifiyarka, kuma idan kun samu hutu ka zo, zan kai ka fadar ka ji daga bakin samarin da kansu.