Ga ɗan'uwa mai tambaya a kan bijimi ruwa-biyu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Kumo da ya ce yana da shanu Bunaji 14, maruƙansa ba sa yin nauyi, kuma wani dillali ya nuna masa bijimi wai ubansa Simental ne, irin shanun Turai, yana tambaya ya saya ko ya bari. Malam, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, domin hanyar da kake shirin bi ita na bi, kuma har yau ban gama farfaɗowa ba. Don Allah kada ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami sai ka karanta wannan.

Ni a gefen Alkaleri nake kiwo. Damuwata irin taka ce, ka kai maraƙi ɗan shekara biyu kara, ka tsaya kusa da na wani, mai saye ya wuce naka kamar bai gan shi ba. Mutumin da ya kawo min maganar bijimi ba baƙo ba ne. Mun yi shekaru muna ciniki, ya sha fura a gidana, yarana Baba suke ce masa. Ya kai ni na ga sa ja mai farar fuska, ƙirji kamar ƙofar zaure, tozo ɗan kaɗan. Ya rantse ya ga 'ya'yansa da idonsa. Ban ce ya kai ni in ga 'ya'yan ba, kunya ta hana ni. Na sayar da bijimina Bunaji wanda bai taɓa ba ni matsala ba, na haɗa da karsana biyu, na biya, na kuma ba shi la'adarsa da hannuna.

Cikin waɗanda san ya hau akwai wata karsana, 'yar saniyar da mahaifinmu ya bar min, Allah ya jiƙansa. Cikinta na fari ne. Naƙuda ta kama ta bayan la'asar, a watan Agusta, ruwa na zuba. Da magariba ƙafafu biyu suka leƙo, daga ganin kaurin kofaton gabana ya faɗi. Kai ya ƙi fitowa. Muka sa igiya, ni da makiyayina da ƙanena, muka ja, muka huta, muka sake ja. Likitan dabbobin da na sani yana cikin garin Bauchi, na kira ya fi sau goma, da ya ɗauka ya ce rafi ya cika, babur ba zai ƙetare ba sai gari ya waye. Ta kwanta a taɓo tana nishi, tana juyo da kai tana kallona. Saniyar da nake ba dusa a tafin hannu tun tana 'yar maraƙa. Wajen ƙarfe uku na dare nishin ya canza, makiyayin ya ce Alhaji a kawo wuƙa kada ta yi mushe. Ni na riƙe fitila. Da aka farka cikin, maraƙin ya riga ya mutu, namiji, sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Da safe mahauta suka zo suka ba da abin da suka ga dama, tunda sun san nama ba ya jira.

Na je wajen dillalin bayan kwana uku. Ban je neman kuɗi ba, so nake ya ce min sannu. Ya dube ni a gaban mutane ya ce ai ni na ce ina son manyan maruƙa, ga shi na samu. Aka yi dariya. Har yau idan na hango shi a Mararrabar Liman Katagum sai in canza layi. Daga baya na ji cewa wanda ya sayar da san ya rabu da shi ne saboda irin wannan, kuma dillalin ya sani. Ya sani, Malam. Na bar shi da Allah.

To abu na farko, ko ka sayi wannan san ko ba ka saya ba, kada ya kusanci karsanar da ba ta taɓa haihuwa ba. Ɗan Bunaji yana faɗowa da kilo 20 zuwa 25, shi kuwa Simental na asali, wanda aka samo daga Suwizalan, ɗansa yakan kai kilo 40. Ƙugun karsanarmu ba a yi shi don wannan ba. Manyan shanu da suka haihu sau biyu sau uku, su ne za ka gwada da su, kuma ba duka ba. Kuma idan saniya ta yi awa biyu tana yunƙuri ba ci gaba, nemi likita tun da sauran haske, kada ka yi ta ja irin namu.

Maruƙan da suka zo lafiya kuwa, gaskiya sun yi kyau wata huɗun farko, har maƙwabta na zuwa kallo. Damina ta biyu kaska ta rufe su, kirci ya bi bayansu ya yi ɓawo, alhali Bunajin da ke kwana turke ɗaya da su ko a jikinsu. Rani ya shigo, Maris da Afrilu, ka san zafinmu, suka riƙa neman inuwa suna haki lokacin da sauran ke kiwo. A nan na gane cewa jini ba ya yin nama sai da abinci. Ruwa-biyu yana da inda zai zuba nama, amma idan karan dawa da busasshiyar ciyawa kawai zai ci daga Janairu zuwa Mayu, Bunaji zai fi shi kyan gani. Kana da harawar wake da ta gyaɗa a rumbu? Kana iya sayen dusa da ƙuliƙulin auduga har ruwa ya sauka? Akwai ruwan sha kusa? Ka ba kanka amsa tsakaninka da Allah. Ni ma ina zargin rashin nauyin maruƙanka ba duka laifin bijimi ba ne. A duba yawan nonon da ake tatsa. Idan an kai ƙwarya kasuwa an bar wa maraƙi ragowa, ko ɗan wane sa ne ba zai yi jiki ba. Da maganin tsutsa da na hanta, farkon damina da ƙarshenta.

Abin da ya ɗan mayar da ni hanya Bokolo ne. Na sa bijimin Bokolo a kan Bunajina, maruƙan suka fito da faɗin baya da cikar cinya, haihuwa ba wahala, kuma sun san rana sun san kaska. Wani abokina a Darazo Gudalin Adamawa ya sa, shi ma bai yi kuka ba. Idan lallai jinin waje kake so, Brahman ya fi kusa da namu, yana da tozo, yana jure zafi. Kuma ka kula, da yawa abin da ake kira ɗan Turai a kasuwa jinin Firishiyan ne, na madara, dogon ƙashi ba cinya. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ɗurin maniyyi a hannun ma'aikacin da ya iya, ko ka tuntuɓi NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika a Zariya, aƙalla za ka san abin da aka sa wa saniyarka.

In ka koma ganin san, kada ka je ranar kasuwa, kuma kada ka tafi da dillalin shi kaɗai. Je garken da yake. Ka ce a nuna maka uwarsa da 'ya'yansa, ka tambayi makiyayin a gefe ko an taɓa ja wa wata saniya ɗansa. In aka fara kame-kame, juya. Buɗe bakinsa, manyan haƙora biyu na nufin wajen shekara 2 zuwa 2 da rabi, in sun cika takwas sun fara cinyewa an kusa gama cin moriyarsa. Sa a kora shi ka tsaya a bayansa, ƙafafun baya su ne aikinsa, mai ɗingishi ko doguwar kofato ba zai hau ba. Maraina su zama biyu daidai, cikakku, ba kumburi, ba ɗaya sama ɗaya ƙasa. San da aka ɗaure aka yi wa kiwon turke don layya kitse ne ya rufe shi, wata biyu a daji zai zube. Kuma a ɗebi jininsa a gwada bakkale, domin ita ce ke sa shanu ɓari a wata na shida ko na bakwai, tana kuma kama mutum ta ɗanyen nono. Ko ya wuce duk wannan, ware shi sati uku zuwa huɗu kafin ya shiga garke, a yi masa rigakafin ciwon huhu.

Wani abu kuma da ya ba ni haushi. Kasuwarmu ba sikeli, ido ne. Masu lodi zuwa Kudu sukan duba nama, amma mai sayen na layya fari yake so, mai tozo da ƙaho. Na kai ɗan ruwa-biyu kasuwar shanu ta Tike a Gombe, ya fi na kusa da shi nauyi ƙarara, aka taya wancan sama da nawa. Yanzu ina auna ƙirjin maruƙana da tef ɗin tela duk wata ina rubutawa, don in san wane bijimi ne ke aiki.

Na manta ban faɗa ba, kada ka sayar da bijiminka na yanzu kamar yadda na yi, kuma duk wanda ka kawo kada ya wuce shekara uku a garken, ya dawo yana hawan 'ya'yansa. In za ka iya, ɗauko hoton san ta baya da ta gefe da na haƙoransa ka turo nan, akwai waɗanda suka fi ni ido. Karsanoninka nawa ne a cikin 14 ɗin? Ka cire su tukuna.