Yana Ci Min Mutunci a Guruf a Gaban Kwastomominmu, Ya Zan Yi Da Shi?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyarmu ta manoman riɗi da zoɓo a wani ƙauye ta wajen Gumel, mu ashirin da bakwai ne. Muna da guruf a WhatsApp da muka saka masu sayen kayanmu a ciki, akwai Alhazai biyu daga kasuwar Dawanau ta Kano da wakilin wani kamfani daga Legas. Damuwata wani memba ne, sa'an baffana ne ma, duk abin da na tura sai ya bi ni da baƙar magana. Shekaranjiya na saka adadin buhunan da muka tara da farashi, sai ya turo boyis wai yaron da ko kaɗe riɗi bai iya ba shi zai riƙe mana lissafi, wai a bincika sikelin ma. Kowa ya ji ba wanda ya tanka. Wallahi ranar ban runtsa ba. In rama ne, ko in cire shi tunda ni admin ne, ko in ajiye musu sakatarensu?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya huci zuciyarka, kuma madalla da ka tambaya kafin ka danna komai, don yawanci sai an gama ɓarin ake neman mu. Na daɗe ina aiki da ƙungiyoyin manoma tsakanin Kano da Jigawa, kuma gaskiya tunda harkar ciniki ta koma waya irin wannan rigimar ta ƙaru sosai, mutumin da ba zai iya kallon idonka ya faɗa maka magana a zaure ba sai ya faɗa a boyis ƙarfe goma sha ɗayan dare yana kwance a tabarmarsa.

Kar ka rama a guruf ɗin. Ba wai don ba ka da gaskiya ba, a'a, ka tsaya ka duba su waye ke sauraro. Alhajin Dawanau ba ruwansa da wa ya girmi wa a ƙauyenku, shi abu ɗaya yake aunawa, in ya turo kafin alƙalami kuɗinsa na hannun mutanen da kansu a haɗe yake ko kuwa. Riɗin nan da zoɓon nan ba a Kano suke tsayawa ba, riɗinmu har Japan da Turkiyya da Sin yake zuwa, zoɓo kuma Meziko ce babbar mai sayensa, kaga shi ma Alhajin akwai wanda ya yi wa alƙawarin kaya a sama da shi, ba zai so ya jingina da bangon da ya tsage ba. Na taɓa gani da idona a wata ƙungiyar masu shinkafa, ma'aji da wani memba suka kwana suna jifan juna da boyis, mai sayen bai ce uffan ba, alamar ya saurara kawai ake gani, washegari da safe ya kira ciyaman cikin ladabi ya ce a mayar masa da kuɗinsa ya samu kaya a wani wajen. Wanda ya fara zagin da wanda ya rama duk tare suka yi asarar.

Amma fa shirun gaba ɗaya ma bai yi ba, nan ne mutane da yawa suke kuskure suna cewa haƙuri suke yi. Ka sake sauraron boyis ɗin da kunnen ɗan kasuwa. Magana biyu ce a ciki. Cewar ba ka iya kaɗe riɗi ba, wannan cin fuska ne kawai, ba ya buƙatar amsa a gaban baƙi. Amma "a bincika sikeli" wannan zargi ne da ya taɓa awo, kuma awo shi ne mutuncin ƙungiyar gaba ɗayanta ba naka kai kaɗai ba, in ka bar shi a haka mai saye zai ɗauka ko akwai ƙamshin gaskiya. To wannan ɗin shi za ka amsa, a taƙaice, a rubuce ba a boyis ba saboda murya tana tona ɓacin rai. Kamar ka ce: "Assalamu alaikum. Game da awo, sikelinmu yana nan a sito, duk mai saye ko wakilinsa zai iya zuwa a auna a gabansa kafin a yi lodi. Ga hoton littafin da muka shigar da buhunan. Sauran maganar ƙungiya za mu tattauna a mitin insha Allahu." Shike nan, ba sunansa, ba habaici, ba karin magana, kar ka ƙara ko da ɗan hoton dariyar nan ne. In ya sake turowa kar ka bi shi, ka riga ka faɗi naka.

Sai ka sa ciyaman, ba kai ba, ya kira masu sayen ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri cikin jimla biyu, cewa ƴar matsalar cikin gida ce ana gyarawa kuma kayansu na nan yadda aka yi magana. Kar a tsaya ba su tarihin rigimar.

Yanzu shi dattijon. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza, kuma ni a abin da na gani, mai irin wannan halin sau da yawa akwai abin da ke cin sa a rai. Ka tambayi kanka, kafin a buɗe guruf ɗin nan wa yake kai kayan garinku kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko Gujungu ranar Lahadi? Wa yake haɗa ku da dillalai yana samun la'adarsa? In shi ne, to wayarka ta cire masa abinci daga baki kuma ta cire masa girman da yake da shi, kuma ba zai fito ya ce haka ba, sai dai ya ce yaro bai iya ba. Ko kuma da gaske yana da shakku kan kuɗi don bai taɓa ganin lissafin ba, bai iya karatun boko ba, yana dai jin an ce alat ya shigo wayar sakatare. Wannan bai halatta masa cin mutuncinka ba ko kaɗan, amma sanin dalilin shi zai nuna maka ta inda za a ɓullo.

Ka je ka same shi da ƙafarka, ba ta waya ba. WhatsApp na da hanyar amsa wa mutum shi kaɗai daga cikin guruf, tana da amfani tsakanin sa'anni, amma sa'an baffanka in ka tura masa rubutu zai ce raini ne, ya ɗauki hotonsa ya yaɗa. Ka ɗauki mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, ciyaman ko liman ko wani amininsa, bayan la'asar ku je ƙofar gidansa, ka durƙusa ka gaishe shi yadda aka saba, sannan ka ce, Baba maganar da ka yi ta yi min ciwo kuma a gaban baƙi aka yi ta, in akwai inda na yi kuskure ga littafin ka nuna min in gyara. Ka buɗe littafin a gabansa a karanta masa buhu buhu. Ka faɗa masa a fili cewa gyara kana so, amma ba a gaban kwastoma ba. Ladabi daban ne, ƙyale mutum ya taka ka daban, kana iya durƙusawa kuma ka faɗi gaskiyarka. In akwai aikin da ya ƙware a kai, misali duba riɗi ko akwai ƙasa da tsakuwa ko danshi kafin a ɗinke buhu, a ba shi wannan a hannunsa da sunansa, na sha ganin hakan ya kashe wuta.

Babban kuskurenku kuwa tun farko aka yi shi, kun haɗa zaure da tsakar gida a ɗaki ɗaya. Mutum ashirin da bakwai da baƙi uku a guruf ɗaya, dole wata rana wani ya yi ɓaranɓarama. Ku raba biyu. Na cikin gida membobi zalla, a nan za a riƙa saka hoton rasit da alat da lissafin kowane lodi, kowa ya yi ƙorafinsa har ya gaji. Na kwastomomi kuma ciyaman da sakatare da ma'aji sun isa, ko in ana so kowa ya gani to a saita shi yadda admin ne kaɗai ke iya tura saƙo, yana nan cikin saitin guruf. Amma a mitin za a yanke wannan a rubuta a littafi kowa ya ji, har da hukuncin wanda ya zagi wani, gargaɗi ne ko tara ko dakatarwa, don dokar ta zama ta ƙungiya ba ta sakatare ba.

Shi ya sa ban goyi bayan ka cire shi da hannunka ba. Kai ake rigimar da kai, in ka cire shi kowa zai ga sunanka a rubuce cewa kai ka cire, gobe labarin a majalisa da bakin masallaci ya zama yaro ya kori dattijo, an manta da abin da ya jawo. Haka goge saƙon, e admin na iya goge saƙon wani ga kowa cikin kamar kwana biyu, sai dai yana barin shaidar cewa admin ne ya goge, kuma wanda ya ji ya riga ya ji. Kafin ma wani ya goge, ka adana boyis ɗin da kwanan watansa ka ajiye, ba don yaɗawa ba, don ranar da za a zauna. In ya wuce habaici ya fito ƙarara ya ce ka ci kuɗin mutane alhali ƙarya ne, wannan ɓata suna ne kuma doka ta san da shi, amma ku fara da kwamiti, in ya gagara mai unguwa ko dagaci, akwai kuma Hisbah da ke yin sulhu, kotu ta zama can ƙarshe don gari ɗaya kuke, jana'iza ɗaya suna ɗaya.

Maganar ajiye muƙami, don Allah kar ka yi yanzu. Ana tsakiyar ciniki, ga zargin sikeli a ƙasa ba a wanke ba, in ka sauka a wannan gaɓar cewa za a yi ka gudu ne don akwai abin da kake ɓoyewa. Ka tsaya a gama lodin nan, kuɗi ya shigo a raba wa kowa haƙƙinsa, ka karanta lissafi a gaban mitin a sa hannu. In bayan nan kwamitin ya kasa tsawata masa kuma ka ga ba za ka iya ba, ka miƙa littafin da sikelin a gaban shaidu ka sauka.